Kafin Mu Ce "Ki Gafarta": Nazarin Hanyar Judith Herman ta Jinyar Raunin Zuciya

Gabatarwa

Shekarun baya wata mata ta iso ikkilisiyar da muke kiwo a lokacin, da 'ya'ya uku da ƙullin kaya ɗaya. An kai wa ƙauyensu hari da dare, aka kashe mijinta tana gani. Muka karɓe ta, zumuntar mata suka tara mata hatsi da zannuwa. Da aka yi mako uku, sai muka ce ta tsaya gaban jama'a ranar Lahadi ta ba da shaidar yadda Ubangiji ya tsirar da ita, ta kuma furta cewa ta gafarta wa waɗanda suka yi mata wannan aika-aika. Ta miƙe, ta faɗi abin da muke so mu ji, jama'a suka ce Amin, mawaƙa suka ɗauki waƙa. Tun daga ranar ba ta ƙara shiga sujada ba. Maƙwabciyarta ce ta gaya mana daga baya cewa ta yi kwana da kwanaki ba ta runtsa ba, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta zabura ta rarumi yaranta. Mu kuwa a zatonmu aikin makiyayi muka yi.

Wannan ne ya kai mu ga littafin da za mu duba a wannan darasi. Sunansa Trauma and Recovery, wato rauni da farfaɗowa. Wata likitar ƙwaƙwalwa Ba'amurkiya mai suna Judith Herman ce ta rubuta shi, ya fito a 1992. Ba littafin tauhidi ba ne, ba kuma don ikkilisiya aka rubuta shi ba. Duk da haka, da yawa daga abin da ake koya wa fastoci a tarurrukan bita kan warkar da raunin zuciya, in aka bi sawunsa, wurinta zai kai mutum. Tun da muna shan ruwan, ya kamata mu san rijiyar.

In mun ce raunin zuciya, muna nufin mikin da ke saura cikin tunani da jikin mutum bayan ya gamu da abin da ya fi ƙarfinsa, inda ba halin gudu ba halin kare kai: kisa a gaban idonsa, fyaɗe, garkuwa, ko dukan yau da gobe a gidan aure.

Asalinta

An haifi Herman a birnin Niyok a 1942, a gidan Yahudawa masu ilimi. Mahaifiyarta, Helen Block Lewis, masaniyar halayyar ɗan Adam ce da ta yi suna wajen binciken kunya da jin laifi. Herman ta yi karatun likita a Jami'ar Harvard, inda daga baya ta koyar shekaru masu yawa. Tun tana matashiya ta shiga gwagwarmayar 'yancin baƙar fata da ta adawa da yaƙin Biyetnam, daga nan ta shiga ta 'yancin mata. Ba ta ɓoye wannan ba. Ita da kanta ta amsa cewa daga gwagwarmayar mata littafin ya sami rai.

A shekarun 1970, lokacin da ta fara ganin marasa lafiya, babban littafin da ake koyar da likitocin ƙwaƙwalwa da shi ya ƙiyasta cewa uba ya yi lalata da 'yarsa abu ne da ake samu sau ɗaya cikin miliyan. Ita kuwa sai ta riƙa jin wannan labari daga bakin mata, wannan ta faɗa waccan ta faɗa. Ta zaɓi ta gaskata matan. Littafinta na farko, na 1981, ya tsaya ne a kan hirar da aka yi da mata 40 da abin ya same su. A 1984 ita da abokiyar aikinta Mary Harvey suka kafa sashen kula da waɗanda aka ci zarafinsu a asibitin gwamnati na Kambirij, kusa da Bostan, asibitin da talakawa da baƙi 'yan ci-rani suke zuwa.

Mun kawo wannan tarihi ne domin shi ke bayyana ƙarfin littafin da rauninsa duka. Wadda ta soma aikinta da ganin yadda manya suke ƙaryata marasa ƙarfi, kunnenta zai yi kaifi wajen jin wanda aka danne. Ita ce kuma za ta riƙa zargin duk wata hukuma da ta ce wa wanda aka zalunta ya yi haƙuri, har da ta addini.

Abin da ta koyar

Herman ta fara da tarihi. A ƙarshen ƙarni na 19 likitoci a Turai sun binciki matan da suke faɗuwa suna sandarewa ba tare da an ga ciwo a jikinsu ba. A 1896 Sigmund Freud ya rubuta cewa tushen abin shi ne lalatar da aka yi da su suna yara, amma ba a daɗe ba ya janye maganar. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji sun dawo daga fagen fama suna makyarkyata, waɗansu bakinsu ya rufe, aka kira su matsorata, da yaƙi ya ƙare kuma aka manta da su. Sai da tsofaffin sojojin Biyetnam da ƙungiyoyin mata suka ɗaga murya kafin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon cikin kundinta a 1980. Abin da ta fitar daga wannan tarihi shi ne, al'umma ba ta son jin irin wannan labari. Mai laifi abu ɗaya yake nema a wurin maƙwabta, su kame bakinsu. Wanda aka zalunta kuwa so yake a ɗauki kayan tare da shi. Shiru ya fi sauƙi, saboda haka duk wanda ya ce shi ba ruwansa ya riga ya ba mai laifi abin da yake nema.

Ta tara alamun ciwon gida uku. Na farko zabura: jiki ya ƙi yarda cewa hatsari ya wuce, barci ya gagara, fushi ya zo kusa. Hausawa sun riga ta sanin wannan, da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na biyu dawowar abin da ya faru ba da son mutum ba, cikin mafarki, ko da jin ƙarar babur, ko warin hayaƙi. Na uku daskarewa: mutum yana zaune amma kamar ba ya nan, ba kuka ba dariya. Wannan na uku ya fi ruɗin fasto, domin a ido yana kama da haƙuri ko bangaskiya mai ƙarfi. Shi ne ya ruɗe mu a kan matar nan. Mun ga ba ta kuka, muka ce ta sami nasara.

Ta kuma ware waɗanda aka daɗe ana zalunta a hannun wanda ba su iya kuɓuce masa, kamar yaro a gidan mugun uba ko wadda aka tsare a daji, ta ce nasu raunin ya fi zurfi, yana taɓa yadda mutum yake ganin kansa da yadda yake yarda da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi wannan rabe-rabe a kundin cututtukanta na 11, wanda ya fara aiki a 2022.

Game da farfaɗowa ta zana matakai uku. Na fari samun mafaka: barci, abinci, wurin kwana, da rabuwa da mai cutarwa. Na biyu tunawa da makoki, inda mutum yake ba da labarinsa sannu a hankali ga wanda ya amince da shi, ya kuma yi kukan abin da ya rasa. Na uku komawa cikin mutane da sana'a da zumunci. Ƙa'idar da ta ɗaure su ita ce: abin da zalunci ya ƙwace wa mutum shi ne ikon kansa da dangantakarsa da mutane, don haka linzamin jinyar a hannunsa zai kasance. Taimakon da aka yi wa mutum dole, ko da kyakkyawar niyya ce, maimaita masa abin da azzalumi ya yi ne, wato wani ya sake yanke hukunci a kan jikinsa da bakinsa.

Ƙofa ɗaya ga kowa

Babbar ƙarfin halin da Herman ta yi shi ne ta zaunar da sojan da ya dawo daga yaƙi da matar da miji yake duka a tabarma ɗaya, haka fursunan siyasa da yaron da aka lalata a gida. Kafin ita, raunin soja yana da ɗan mutunci, na mace kuwa abin kunya ne. Ta ce ciwo ɗaya ne, jinya ɗaya.

Irin wannan tunani ne ya haifi abin da ake kira hidima mai la'akari da raunin zuciya. A 2014 hukumar gwamnatin Amurka mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye ta tsara ta cikin ƙa'idodi shida: tsaro, riƙon amana da yin abu a fili, taimakon waɗanda suka sha irin wahalar, aiki tare, ba mutum murya da zaɓi, da lura da al'adarsa da tarihinsa da jinsinsa. Maimakon a tari mutum da "me ya sa kake haka?", sai a tare shi da "me ya same ka?"

Masu ba da shawara a Amurka yau sukan sanar cewa ƙofarsu a buɗe take ga kowa, ko wane launi, ko wane addini, mai naƙasa da baƙo, har da waɗanda zamansu na aure da jinsi ya saɓa wa koyarwar ikkilisiyoyinmu. Mun ga ɗalibai da suka ji wannan na ƙarshe suka yi watsi da hanyar gaba ɗaya. A ganinmu sun yi gaggawa. Koyarwarmu a kan aure daga Littafi Mai Tsarki take, ba ɗakin likita ne zai sauya ta ba. Amma maganar a nan ta abin da ke zuwa da fari ce. A misalin Basamariye cikin Luka 10, ba a gaya mana halin mutumin da aka yasar a bakin hanya ba, ko mai adalci ne ko akasin haka. Basamariyen bai yi masa jarrabawa ba kafin ya zuba mai a raunukansa. Ɗaure wa mutum miki daban, amincewa da dukan abin da yake yi daban.

Kada kuma mu tsaya gardama a kan jerin mutanen Amurka har mu manta da namu jerin. Rahoton da UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar a 2016 ya nuna yadda matan da suka kuɓuto daga hannun Boko Haram suka tarar ana gudun su, har ana kiran su annoba, 'ya'yan da suka haifa a daji kuma ana cewa jininsu ya ɓaci. Ga saurayin da aka tilasta wa ɗaukar bindiga. Ga yarinyar da muka sa a bencin baya ƙarƙashin horo saboda ta yi ciki, ba mu tambayi wanda ya yi mata ba, ko da yardarta ne ko fin ƙarfi. Ga maƙwabcinmu Musulmi. Shekarar 2014 da aka sace 'yan mata 276 a Chibok aka kuma mamaye hedikwatar EYN a Kwarhi, a cikinta ne aka kai hari babban masallacin Kano ranar Juma'a, mutum fiye da 100 suka mutu. Maraya maraya ne. Nan ne za a auna faɗin ƙofarmu.

Inda littafin ya kama mu

Dole mu amsa cewa a kan jerin matakai Herman ta fi al'adar hidimarmu kusa da Nassi. Mu duba 1 Sarakuna 19. Iliya ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ikan Ubangiji bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi abinci. Sai bayan tafiyar kwana 40 aka tambaye shi abin da ya kawo shi, ya zayyana kukansa har sau biyu. Daga bisani aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha, aka sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Ba muna cewa marubucin Sarakuna darasin likitanci yake koyarwa ba. Muna cewa Mahaliccin jiki ya san mai yunwa da rashin barci ba ya jin nasiha.

Mu duba kuma 2 Sama'ila 13. Amnon ya yi wa Tamar fyaɗe. Absalom ya ce mata ta yi shiru tun da ɗan'uwanta ne. Dawuda ya ji, ya husata, bai yi kome ba. Tamar ta ƙare a gidan Absalom a kaɗaice, bayan shekara biyu kuma jini ya zuba a gidan sarki. Sau nawa majalisar dattawa ta zauna a kujerar Dawuda, ta ce a rufa asiri domin sunan ikkilisiya? Kunya ado ce a wurinmu, ba ma kuwa fatan ranar da za mu rasa ta. Amma in aka ɗauke ta daga kan wanda ya yi laifi aka ɗora wa wadda aka yi wa laifi, ta tashi daga ado ta koma sarƙa.

Kashi mai yawa na Zabura kuka ne, ta 88 ma ta ƙare cikin duhu ba tare da ta juya zuwa yabo ba. Littafin Makoki sukutum yana cikin Littafi Mai Tsarki. Amma a sujadarmu ta Lahadi, yaushe rabon da mu ba mai baƙin ciki fili? Irmiya 6:14 ya zargi annabawa da firistoci da yi wa raunin jama'a ɗaurin sama-sama, suna shelar lafiya inda babu ita. Ranar da muka tsai da gwauruwar nan gaban jama'a, mu aka zarga. Shaidar ta amfane mu, mu da muke son jin labari mai daɗin ƙarshe. Ita kuwa an sake ƙwace mata bakinta.

Inda muke ja da ita

Na farko, gafara. Herman ta ɗauki gaggawar gafartawa kamar tagwayen mafarkin ramuwa, duka biyu dabara ce ta tsallake makoki. Ta ce gafara ta gaskiya sai mai laifi ya amsa laifinsa, ya tuba, ya biya abin da ya ɓata, wanda aka zalunta kuma yana iya warkewa ko bai gafarta ba. Rabin wannan magana muna tare da ita. Luka 17:3 ya sa tsawatarwa da tuba gaban gafara. Zakka ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Yusufu ya yi wajen shekara 22 rabonsa da 'yan'uwansa, da ya gan su kuma sai da ya gwada su ya ga ko za su sake bashe da ƙanensu kafin ya bayyana kansa.

Amma in gafara duka ta rataya a kan tuban mai laifi, to wadda ba za ta taɓa sanin fuskar wanda ya kashe mijinta ba, mabuɗin zuciyarta yana hannunsa har abada. Ubangijinmu ya roƙa wa masu gicciye shi gafara tun ba su tuba ba, Istifanas ma haka. Ya kamata mu koya wa jama'armu rarrabe abubuwa huɗu da muka saba cuɗawa. Akwai sakin ramuwa a bar wa Allah hukunci, kamar yadda Romawa 12 ta koyar. Wannan aikin alheri ne da Ruhu yake yi cikin mai bi, a lokacinsa, ba da umarnin fasto ranar da fasto ya ga dama ba. Akwai sulhu, wanda ba ya yiwuwa sai da tuba. Akwai amincewa, wadda ake sake ginawa da hali na tsawon lokaci, wani lokaci ma ba ta dawowa. Akwai kuma shari'a, wadda Romawa 13 ta ba hukuma, gafarar mutum ba ta soke ta ba. Herman ta ga yadda ake zaluntar mutane da kalmar gafara, ta tsorata da ita. Mu da muka zalunci mutane da ita, gyara amfani da ita ya kamace mu, ba jefar da ita ba. A littafinta na 2023, Truth and Repair, ta tambayi mutum 30 da aka ci zarafinsu abin da adalci yake nufi a wurinsu. Abin da suka fi nema shi ne jama'arsu ta amsa cewa abin ya faru, ta kuma hana shi faruwa ga wani. Wannan kam ikkilisiya tana iya bayarwa.

Na biyu, mafaka. Matakinta na fari ya ɗauka cewa akwai inda za a kai mutum hatsari ya ƙare. Manomin da zai koma gonar da aka kashe ɗansa, domin in bai yi noma ba yunwa za ta kashe sauran, ina mafakarsa? Zaburar da yake yi wani lokaci ita ce take tsare ransa. Masana a Afirka ta Kudu, Gill Straker da abokan aikinta, sun yi magana tun 1987 a kan raunin da ba ya wucewa domin barazanar tana nan. In muka ce sai an sami cikakken tsaro za a fara makoki, waɗansu za su mutu ba su fara ba. Aikinmu shi ne mu gina 'yar mafaka a tsakiyar hatsari: mutanen da aka amince da su, lokacin taruwa da ba ya sauyawa, abinci, makarantar yara.

Na uku, mutum ɗaya da ɗakin likita. Herman ta nace cewa ba mai warkewa shi kaɗai, ta kuma ba jinya cikin ƙungiya babi guda. Duk da haka, hoton da ke gabanta shi ne ƙwararre da mara lafiya, mako bayan mako, har shekaru. Likitan ƙwaƙwalwa Derek Summerfield ya yi gargaɗi a 1999 cewa kai irin wannan tsari wuraren yaƙi yana iya mai da wahalar al'umma ta zama cutar ɗaiɗaikun mutane, alhali abin da suka fi nema shi ne gonarsu da makarantarsu da adalci. Muna da namu misali a gida. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda mara lafiya yake zama cikin ƙauye tare da wani danginsa yana zuwa asibiti da rana. Zaman makoki, gaisuwar ta'aziyya, aikin gayya, zumuntar mata, duk magunguna ne da muke da su tun kafin littafin ya zo.

Na huɗu, ba kowa ne ba da labari yake yi wa amfani ba, ba kuma kowane lokaci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a tara mutane da zarar masifa ta auku a sa su zayyana abin da suka gani. A shekarun 1990 kuma an yi babbar gardama a Amurka, bayan an gano cewa waɗansu masu jinya sun riƙa dasa wa mutane tunanin abin da bai faru ba ta wurin tambayoyinsu. Herman ta ce mai jinya shaida ne, ba ɗan sandan bincike ba, amma ba duk mabiyanta ne suka riƙe wannan ba. Gargaɗin ya shafe mu kai tsaye. Mai addu'ar da ya matsa wa yaro da tambaya har ya amsa cewa shi maye ne, wannan zunubin yake yi da sunan Yesu.

Abin da za mu ɗauka zuwa hidima

In mai rauni ya zo, a fara da tambayar inda yake kwana, ko yana ci, ko yana barci, ko wanda ya cuce shi yana iya kai wa gare shi. Kada a mai da mace gidan da ake neman ranta da sunan biyayya. A nemi izini kafin a ɗora wa mutum hannu, kafin a ambaci sunansa a addu'ar taro, kafin a gaya wa ko matar fasto. Wadda namiji ya ci wa zarafi a ba ta zaɓin yin magana da mace. Shaida gaban jama'a sai in shi mai ita ne ya nema, bayan lokaci ya ja.

Fasto ya san iyakarsa. Wanda yake maganar kashe kansa, ko ya daina ci, ko yake jin muryoyi, a raka shi wurin likita, a ci gaba da yi masa addu'a. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware. Fyaɗe da lalata da yara laifi ne a gaban doka, majalisar dattawa ba ta da ikon binne shi. Shi ma makiyayin da ya binne membobinsa da hannunsa mai rauni ne. Herman ta ce kada mai jinya ya yi wannan aiki shi kaɗai, mu ma muna roƙon gundumomi su tanadi inda fastoci za su sauke nasu kayan.

Kammalawa

Muna ba ɗalibanmu shawara su karanta Herman da Littafi Mai Tsarki a buɗe a gefe. Ba ta san begen tashin matattu ba a cikin littafinta, ba kuma za ta koya mana gafara ba. Amma ta tuna mana da abin da yake cikin Littafinmu muka tsallake: abinci kafin tambaya, kuka kafin waƙa, gaskiya kafin sulhu. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Gwauruwar nan mun je mun same ta bayan watanni, muka roƙe ta gafara. Ba ta ce ta yafe ba, mu ma ba mu nemi ta faɗa ba. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo mana ruwa.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A ikkilisiyarku, wa yake yanke shawarar lokacin da mai rauni zai ba da shaida, shi ko shugabanni?

2. Ku karanta 2 Sama'ila 13. Me ya kamata Dawuda ya yi? Me majalisar dattawanku take yi in irin wannan ƙara ta zo gabanta?

3. Ku bayyana bambancin sakin ramuwa, sulhu, amincewa da shari'a, yadda tsohuwar da ba ta yi makaranta ba za ta gane.

4. Su wane ne masu rauni a garinku da ba za su iya ƙwanƙwasa ƙofar gidan fasto ba? Me ya hana su?